Kowa ya san kiɗan, ba kowa ya san mai shi ba

Kun saba karanta labarin iri da taki da rigakafin dabbobi a wannan shafi. Wannan wata labarin kiɗa muka kawo muku. Kada wani ya ce zancen ƴan birni ne. A cikinsa akwai aikin da ya hau kan duk wanda ya koyi riƙon alƙalami.

Wanda ya saurari Muryar Sahel cikin shekarun 1980 da 1990 ya san wani kiɗa mai taushi da akan saka in an gama wani shiri ana jiran wani. Ba kalangu ba ne, ba goge ba ne, ba algaita ba ce. Yana tafiya sannu sannu kamar garke mai komowa daga kiwo da maraice. Ka saka wa dattijon Isawan ko na Mayahi ko na Tasawa irin wannan kiɗa, zai ce maka ya san shi. Ka tambaye shi wa ya yi shi, sai ya ce na rediyo ne. To, rediyo ba ta kiɗa. Mutum ne ya zauna ya tsara shi. Da yawa daga cikin wannan kiɗa aikin mutum guda ne, sunansa Mamman Sani Abdulaye.

Cikin 1978 wannan mutum ya fitar da kaset nasa na kansa. Kaset ɗin bai samu kasuwa ba. Saura kaɗan ya ɓace baki ɗaya. Sai da aka shekara 35 sannan aka sake buga shi, duniya ta ji. Ga yadda abin ya faru.

Mushe da akwatin kiɗa

An haifi Mamman Sani a Ankara, babban birnin ƙasar Gana, a farkon shekarun 1950. Ubansa ɗan Nijar ne, uwarsa ƴar Gana. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da yawa sun tafi Gana ci-rani, wasu sun yi aure can. Yana yaro aka komo da shi Nijar. Ya shiga lakwal, ya yi karatu, ya zama mushe. Daga baya ya yi aiki da UNESCO, wato hukumar duniya mai kula da ilimi da al'adu.

Ƴan yaƙi da jahilci ya kamata su san wannan hukuma. Ita ce ta tara masana a Bamako cikin 1966 don a daidaita haruffan rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamashek. Ita ce kuma ta ware ranar 8 ga watan Satumba ta zama ranar yaƙi da jahilci ta duniya.

Wannan aiki ya kai Mamman ƙasashe masu nisa, har Turai da Japan. Cikin 1974, lokacin da ƙasarmu ke fama da babban fari, ya halarci wani taro na hukumar. Wakilin ƙasar Ruwanda ya zo taron da wani akwatin kiɗa ƙirar Italiya, ana ce masa Orla. Mamman ya ji sautin, abin ya shiga ransa. Ya yi ta lallashin mutumin har ya sayar masa. A ganin Mamman, watakila shi ne irinsa na farko da ya shigo Nijar.

Yaya akwatin yake?

Faransawa suna ce masa org. Mu sai mu ce masa fiyanon lantarki. Akwati ne mai faɗi kamar ƙaramin tebur. A samansa an jera maɓallai farare da baƙaƙe. Kowane maɓalli da muryarsa. Na hagu muryarsu da kauri. In ka nufi dama sai murya ta riƙa sirancewa. Ba shi da fata, ba shi da tsirkiya, ba a busa shi. Wutar lantarki ke haifar da sautin, lasifika ta fitar da shi. Muddin yatsa na bisa maɓalli sautin ba ya yankewa, kamar mai algaita da ya iya juya numfashi. A cikinsa kuma akwai wata na'ura mai buga ganga da kanta, ba ta ƙara sauri, ba ta ragewa. Ke nan mutum guda zai iya zama makaɗi, ya kuma zama ɗan amshin kansa.

Turawa sun gina yawancin kiɗansu bisa matakin murya bakwai. Waƙoƙinmu da yawa, na Hausawa da na Fulani da na Abzinawa, mataki biyar suke hawa. Wanda ya bi baƙaƙen maɓallai kaɗai, mataki biyar zai samu. Sai kunne ya ji abin kamar na gida. Saboda haka akwatin da aka ƙera a Italiya yana iya ɗaukar muryar waƙarmu, in ya samu hannun da ya san ta.

Abin da Mamman ya yi ke nan. Ya tsara wasu kiɗe-kiɗe daga kansa. Wasu kuma ya ɗauko su daga waƙoƙin gargajiya na ƙasa, musamman na makiyaya. Kun san yadda samarin Woɗaɓe ke jeruwa, wani ya ɗauki waƙa, sauran su riƙe murya guda doguwa. Kun san tende na Abzinawa: turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a baki, mata su kewaye suna tafi suna waƙa, maza suna zagayawa bisa raƙuma. Irin wannan doguwar murya da irin wannan bugu Mamman ya nemi ya sauke bisa maɓallai. Makiyayin da ya ji kiɗan ya ji kamar ya san shi, bai yi kuskure ba. Akwai rabonsa a ciki.

Ranar da aka ɗauki kiɗan

Cikin 1978 Mamman ya kai akwatinsa ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai. Shi kaɗai ne, ba ƴan amshi, ba mai ganga. Sau biyu aka ɗauka. Ya buga na farko, na'ura ta riƙe. Aka mayar masa da shi yana ji, ya buga na biyu a kai. Manomi zai gane wannan. Da ruwan farko kake shuka hatsi. In ya tsiro ya yi layi, sai ka komo ka saka wake a tsakani. Gona guda, shuka biyu, kowace da ranarta. Haka aka haɗa kiɗan.

Kiɗa shida ne cikin kaset ɗin. Guda ana ce masa Salamatu, guda Lamru, guda Bodo. An sa wa kaset ɗin suna da Faransanci, ma'anarsa Kiɗan Lantarki na Nijar. A jikin kwalin akwai hoton Mamman, saurayi da ɗan gemu da hula, hannuwansa bisa maɓallai. An rubuta sunansa. Ku riƙe wannan magana ta hoto da suna, za mu komo kanta.

Kiɗan ba na rawa ba ne. Ba ya tada ƙura, ba ya zuga kowa. Irin wanda mutum zai ji ne bayan sallar isha'i, ya gaji da aikin yini, yana kishingiɗe bisa tabarma. Yana maimaita kansa kamar daka, amma kowane zagaye da ɗan abin da ya sake.

An shirya kaset ɗin ne tare da ma'aikatar da ke kula da al'adu. Nufinsu a fitar da jerin kaset na sabon kiɗan Nijar. Shirin bai yi nisa ba. Abin da aka buga na Mamman bai wuce kamar guda 100 ba. Ku auna. Kaset 100 ko kasuwar Tasawa kaɗai ba su isa ba, balle ƙasa baki ɗaya.

Me ya sa kaset ɗin ya kwanta?

Dalili na farko shi ne ƙarancinsa. Irin da bai cika tiya ba, ba ya cika gona. Kaset kuma ba dutse ba ne. Zafi yana lanƙwasa shi, ƙura tana cin zarensa, manyeto yana tauna shi. Cikin guda 100, kowace shekara sai an rasa wasu.

Na biyu shi ne halin da ake ciki. Cikin 1978 mutanen karkara suna ta ƙoƙarin mayar da dabbobin da farin 1973 da 1974 ya kashe. Ba a daɗe ba kuma na 1984 ya zo. Mai rediyo ma sai ya yi lissafin kuɗin pil. Manyeto kuwa sai gidan wane da wane.

Na uku shi ne yadda muka saba da kiɗa. A ƙasar Hausa kusan kowane kiɗa da ubangidansa. Makaɗin fada yana da sarki. Makaɗin noma yana da sarkin noma da masu gayya. Makaɗin kokowa yana da ƴan kokowa. Da Kantu na Maraɗi ya zama zakaran kokowar ƙasa ta farko a Tawa cikin 1975, makaɗa sun samu abin faɗa, jama'a kuma sun samu abin ji. Mamman Shata ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi. Wanda aka wasa shi ke yin kari. Shi ke sayen kaset, shi ke sa a saka a biki, danginsa su ke yaɗa waƙar. Kiɗan Mamman Sani ba ya yi wa kowa kirari. Ba wanda zai tashi ya ce wannan tawa ce. Kiɗan da ba shi da ubangida kamar maraya yake a kasuwa.

Na huɗu, kunnenmu magana yake bi. In mawaƙi ya rera, yakan faɗi sunansa da na garinsu da na ƴan amshinsa cikin waƙar. Ta haka sunan Ɗan Maraya Jos da na Sa'adu Bori na Maraɗi suka zauna a bakin mutane. Kiɗan Mamman kuwa kusan duka sauti ne zalla. Sauti ba ya faɗin sunan mai shi. Sai wani ya faɗa, ko a rubuta.

A nan rediyo da talabijin suka shigo. Sun ga kiɗan ya dace da tsakanin shiri da shiri, suka yi ta saka shi shekara da shekaru. Ta haka ya shiga kunnen ƙasa duka. A Yamai akwai waɗanda suka san Mamman da fuskarsa. Amma kiɗan tsakanin shiri ba kasafai ake tsayawa a faɗi mai shi ba. Mu a karkara sauti ya iso mu, suna ya tsaya a hanya.

Kaset guda ya tsira

Akwai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley. Ya yi yawo a Muritaniya da Mali da Nijar yana neman kiɗan Sahel. Ya kafa wani ƙaramin kamfanin faifai, ana ce masa Sahel Sounds. Wata rana a Yamai yana binciken tarin tsofaffin kaset a wani ɗakin ajiya, sai ya ga wani kwali mai hoton saurayi da akwatin kiɗa. Ya saka kaset ɗin ya ji. Ya karanta sunan da ke jiki. Ya tambaya, aka haɗa shi da mai shi.

Cikin 2013 aka sake buga kiɗan 1978 bisa faifan garmaho, aka kuma saka shi a intanet. Mutane a Amurka da Turai suka saya. Aka gayyaci Mamman Turai, ya buga akwatinsa gaban jama'a. Ashe kuma bai daina aiki ba duk tsawon shekarun nan. Yana da wasu kiɗe-kiɗe ajiye. Cikin 2014 aka fitar da wani faifai mai suna Taaritt, wanda ya ɗauka cikin shekarun 1980. Cikin 2015 aka fitar da waɗanda ya ɗauka daga 1981 zuwa 1984. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu ku duba abin da ya ceci wannan aiki. Abu biyu ne. Wani ya adana kaset guda a inuwa, bai yar ba. Wani kuma tun farko ya rubuta suna a jikin kwalin. Da kaset ɗin ba shi da rubutu, baƙon zai ji kiɗa mai daɗi, ya rasa wanda zai nema. Ƴan haruffan nan su suka kai shi ƙofar gidan mai kiɗa.

A Amurka ma an yi haka

Wata mata Ba'amurkiya, Carole King, an haife ta cikin 1942. Sana'arta tsara waƙa, wasu su rera. Tana da shekara 18 waƙar da ta tsara tare da mijinta ta zo ta ɗaya a Amurka, a farkon 1961. Kusan shekara goma tana wannan aiki. Manyan mawaƙa irin su Aretha Franklin sun rera waƙoƙinta. Jama'a sun san waƙoƙin, sun san masu rerawa, kaɗan ne suka san ta.

Cikin 1970 ta fitar da faifai nata na kanta, da muryarta, kiɗa mai taushi. Ta sa masa suna Writer, wato marubuciya. Bai samu kasuwa sosai ba. Cikin 1971 ta fitar da na biyu mai suna Tapestry. Wannan ya yi mako 15 yana na ɗaya a ƙasar, aka sayar da miliyoyi. Sai mutane suka koma neman na farko.

Ita shekara guda ta jira, Mamman ya jira 35. Can akwai kamfanoni da kantuna da masu saye, gaskiya ne. Amma akwai wani abu kuma. A can, ƙarƙashin sunan kowace waƙa a jikin faifai, ana rubuta sunan wanda ya tsara ta. Ko da ƙananan haruffa ne, yana nan. Da wannan rubutu ake biyan mai waƙa haƙƙinsa in an sayar da faifai ko an saka a rediyo. Tun kafin a san fuskarta, Carole King tana cin guminta.

Mu komo gida

Mu tambayi kanmu. Waƙar da mata ke yi wajen daka a Isawan, wa ya fara ta? Waƙar gaɗa da ƴan mata ke yi a dandali, wa ta tsara ta? Taken da ake buga wa manomi ranar gayya, wane makaɗi ya ƙago shi? Busar sarewar da makiyayi ya koya wurin yayansa, daga wa ta fito? Wasu sun tsufa ƙwarai, ba mai iya sanin asalinsu. Amma wasu masu su suna raye, muna gaisawa da su a bakin rijiya.

Tun 1976, da aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, samariyar garuruwa ta yi ta tsara waƙoƙi ana gasa. An saka da yawa a rediyo. Akan ce waƙar samariyar gari kaza ce. Wanda ya kwana bai yi barci ba yana haɗa baitocin, sau da yawa sunansa bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau kaset ya ja baya, salula ta karɓe shi. Waƙa tana tashi daga salula zuwa salula a kasuwa da tasha. Saurin ya fi na da, amma ciwon bai sake ba. Sau da yawa waƙar tana zuwa ba suna, sai lamba. In katin ya lalace ko salula ta faɗa rijiya, shi ke nan. Mdou Moctar, Ba'abzine mai jita daga jihar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa a Sakkwato cikin 2008. Sun yi ta yawo cikin salula har Mali. Sai da aka bi sawu aka gano mai su, sannan ya fara cin amfaninsu a ƙasashen waje. Wanda ba a gano ba, wasu ke jin daɗin aikinsa, shi yana nan hannu wofi.

Ƙasarmu tana da dokar da ke kare haƙƙin mai fasaha. Akwai ofishi a Yamai mai wannan aiki, ana ce masa BNDA, an kafa shi cikin 1995. Amma doka ba ta iya kare wanda ba a san sunansa ba. Ofishi da takarda yake aiki. Takarda kuwa sai mai karatu.

Aikin da ya hau kanmu

A da muna da hanzari, ba mu iya rubutu ba. Yanzu kusan kowane ƙauye yana da wanda ya iya. Kaye guda da bik guda sun isa a fara. Kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta ware kaye na waƙoƙin garinta. Kowace waƙa da shafinta. A rubuta abu shida:

1. Sunan waƙar ko taken.
2. Sunan wanda ya tsara ta, da na ubansa, da garinsu.
3. Sunan mai rerawa, in ba shi ne ya tsara ba, da na ƴan amshi.
4. Abin da aka buga: kalangu, ganga, gurumi, goge, sarewa, ƙwarya.
5. Dalilin waƙar: gayya, aure, suna, kokowa, daka, kiwo.
6. Shekarar da aka yi ta. In an manta lamba, a kama da abin da kowa ya sani, kamar a ce shekara biyu bayan farin 1984.

Kafin a rubuta, a nemi yardar mai waƙa. Akwai waƙar da ba a son ta fita daga gida. A girmama wannan. Waƙoƙin mata, mata ƴan aji su rubuta su, su suka fi kusa da masu su. Makiyaya kuma su rubuta nasu kafin a tafi mashekari, tun dattawa suna kusa. In an gama shafi, a karanta wa mai waƙa ya ji, ya gyara abin da ba daidai ba.

Wanda yake da tsofaffin kaset a gida kada ya ba yara su yi wasa da zaren. A kakkaɓe ƙura. A saka su cikin akwatin ƙarfe ko tukunya mai murfi, a ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima. A nisanta su da rana da murhu. Kada a aza su bisa lasifika, don akwai maganaɗisu a cikinta mai goge sauti. In takardar jiki ta ɓace, a nemi dattijon da ya san muryar, a rubuta sabuwa a liƙa. Mai salula kuma, in ya ɗauki waƙa, ya fara da faɗin sunan mai ita da gari da shekara kafin a soma. Ta haka duk inda waƙar ta je, sunan yana biye da ita. A ajiye ta wuri biyu, kada a dogara da kati guda.

Saura gargaɗi guda. Wata rana baƙo yana iya zuwa neman tsohon kiɗa, kamar yadda aka je wa Mamman Sani. Akwai na kirki, akwai macuta. Kada ku ba da kaset ɗin da ba ku da na biyunsa. Kada ku dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta muku ba. A kira mai karatu na gari, a kira mai waƙa ko magadansa, a san abin da aka yarda da shi: nawa za a biya, sunan wa za a rubuta, wa ke da waƙar bayan an buga. A yi takarda biyu, kowa ya riƙe guda.

Wani zai ce, malam, mu da ke fama da cimaka, ina mu ina rubuta waƙa? Gaskiya ne cimaka ita ce gaba. Amma wannan aiki ba ya cin damina, da rani ake yin sa. Kuma hannun da ya saba rubuta sunan mai waƙa, shi zai rubuta buhun da aka kai bankin cimaka da bashin da aka ɗauka. Karatun guda ne.

Mamman Sani ya yi sa'a, kaset guda ya tsira da sunansa a jiki. Makaɗanmu na ƙauye ba su da hoto a kwali, ba su da ɗakin ajiya a Yamai. Mu ne ɗakin ajiyarsu. Cibiyar da ta cika shafi goma ta aiko wa wannan jarida da sunayen, don ƴan uwa na sauran garuruwa su karanta su san su. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san sunan gwanin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana ilimi mai amfani.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Isawan.